Tutar Casa'in da Huɗu

Shekara talatin da shida na yi ina aikin nas a gidan kula da tsofaffi na garinmu, nan kudancin Denmark, kuma duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashina za ta gaya maka Bodil ba ta wasa da lamba. Akwai 'yar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa, ta nuna yawan oksijin da ke cikin jininsa. Casa'in da biyar zuwa sama, lafiya lau. Ƙasa da casa'in, a kira likita. Tamanin kuwa, a kira likita, a kira 'ya'yan mutum su ma. Na maƙala ta a yatsun da ba zan iya ƙirgawa ba, har ta kai ko a mafarki aka ce mini tamanin sai gabana ya faɗi.

Sai ga jikana Asger ya zo duniya da rabin zuciya.

Haka mutanen gari suke faɗa, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Zuciyar kowa tana da ɗaki biyu masu tura jini, ɗaya zuwa huhu, ɗaya zuwa sauran jiki. Ta Asger ɗakin hagun bai girma ba tun a ciki, na daman ne yake ɗauke da aikin biyu. Tun cikin 'yata Rikke yana wata biyar aka gani a hoto. Likitocin Copenhagen suka ce aiki uku za a yi masa: na farko a makon haihuwa, na biyu idan ya kai wata huɗu ko biyar, na uku yana shekara uku. Suka ce tsakanin na farko da na biyu, nan ne ake rasa yara.

An yi na farko yana kwana shida. Bayan mako bakwai aka sallamo su, suka dawo sashen baya na gidanmu, saboda mijin Rikke yana aikin gyaran injinan iska a tsakiyar teku, mako biyu can, mako biyu gida. Suka zo da sikeli, da na'urar da ake ɗaura masa a tafin ƙafa, da littafin rubuta komai, da wani jan kati da aka ce a manna a jikin firji. Leɓen yaron shuɗi, faratansa shuɗi, lambarsa kullum tsakanin saba'in da takwas da tamanin da uku. Rikke ta ce haka ake so. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta yarda ba. Duk sa'ad da na kalli fuskar na'urar nan sai in ji kamar in ruga in ɗauko tukunyar oksijin.

Kafin sallama an kira mu, ni da mijina Preben, a koya mana kula da shi. Wata nas ce 'yar yarinya, ba ta fi ashirin da biyar ba, ta ɗauko na'urar tana nuna mini yadda ake ɗaura ta. Ni. Na ce mata, “Yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aikin.” Ta yi murmushi ta ci gaba da bayani, har da zana wani abu a takarda, ludayi ɗaya da kwano biyu. Ni kuwa ina can ina lura da yadda ta naɗe wayar na'urar a karkace. Abin da ta faɗa ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Preben ya gyaɗa kai kawai, shi da tsohon direban motar madara ne, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan in dai maganar lafiya ce abin da na faɗa shi ne.

Ranar da abin ya faru Talata ce cikin watan Mayu, Asger yana da mako goma sha ɗaya. Rikke ta yi wata guda tana fama da haƙori, kumatunta a kumbure, ta ƙi zuwa ko'ina. Ni na matsa mata.

“Je ki a cire abin nan, ki biya a gyara miki gashi, ki zauna ki ci abinci kamar mutum,” na ce. “Kada in ga ƙeyarki kafin ƙarfe huɗu. Kuma kada ki dame ni da waya.”

“Mama, ki rubuta komai. Lamba, madara, kunzugu. In kin ga wani abu, katin yana jikin firji.”

“Na ji. Wa ya rene ki ke ɗin, katin ne?”

Ta gwada shi kafin ta fita, tamanin da shida. Ta ɗan tsaya tana kallon lambar, ta ce ta ɗan hau, ta shafa kansa. Sai da na tura ta waje na rufe ƙofa.

Ƙarfe goma na gwada, casa'in da ɗaya. Na ce wayar ce ta goce, na sake ɗaurawa yadda ya kamata. Casa'in da ɗaya. Ƙarfe sha ɗaya, casa'in da huɗu, ta tsaya cak ba ta motsi. Na ɗaga shi na kai shi bakin taga. Leɓen da na saba gani shuɗi ya yi ja kamar na kowane jariri. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce, “Angon kaka, ashe kai ma ka gaji da zama shuɗi?”

Akwai abubuwan da na gani, ba zan ce ban gani ba. Madarar ƙarfe goma, cikin kashi uku ɗaya ya sha ya ture fidar. Na ce farin ciki ne. Goshinsa ya yi gumi, na ce ɗakin ya yi zafi. Yana numfashi da sauri-sauri, na ce huhun ne ya buɗe. Ƙafafunsa sun yi sanyi ƙalau, sai na ɗauko safar ulu da na saƙa masa na sa masa, har ina jin daɗi ta yi masa daidai. Kowane abu na samo masa dalili, domin lambar tana gabana, ni kuwa lamba na sani. Na rubuta casa'in da huɗu a littafin, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na zana 'yar tuta a gefe.

Na leƙa ta taga na kira Preben, yana fama da injin yankan ciyawa.

“Tsoho, zo ka ga jikanka. Casa'in da huɗu.”

Ya shigo yana goge hannu a wando. “Mai kyau ne?”

“Ta fi taka, kai da ka sha taba shekara talatin. Je ka ɗaga tuta.”

“Yau? Ba ranar haihuwar kowa ba ce.”

“Ranar haihuwarsa ba ka ɗaga ba, ranar da suka dawo ma ba ka ɗaga ba. Sai yaushe?”

Gaskiya ce. Preben mutumin tuta ne, a goge take a ninke cikin akwatinta, sandarta kuwa duk bazara sai ya shafa mata farin fenti. Ranar haihuwa, ranar aure, yaro ya gama makaranta, kafin kowa ya gama shan kofi tutarmu tana sama. Amma ranar da aka haifi Asger ya tsaya da ita a hannu, ya mayar da ita akwati, ya ce ba zai ɗaga abin da zai iya saukowa rabin sanda, alamar rasuwa, a mako guda ba. Ranar Talatar nan kuwa da gudu-gudu ya fita, tsoho da ciwon gwiwa. Ni kuma na kwantar da yaron, na kunna tanda, na fara fasa ƙwai. Na ce ba zan kira Rikke ba, bari ta dawo ta tarar da tuta da kek, ta ga abin da ya faru a rana ɗaya tak da aka bar mini shi.

Maƙwabciyarmu Ragna tana tsallaken hanya, kuma ba abin da ke wucewa ta gaban tagarta bai bar suna ba. Ranar haihuwar kowa a layinmu tana rubuce a kalandarta. Ta ga tuta, ta duba kalanda, ba ta ga komai ba. Da wata ce sai ta tsallako ta tambaya, amma shekara biyu ke nan ba ma magana ni da ita, a kan shingen da ta sa aka sare. Sai ta aika wa Rikke saƙo: “Barka da arziki. Tutar ta mece ce?”

Sha biyu saura kwata wayata ta yi ƙara, hannuna duk gari.

“Mama, me ya sa Baba ya ɗaga tuta?” Maganar tana fita a murɗe, allurar likitan haƙori ba ta sake ta ba.

“Wannan matar da sa ido. Ta ɓata mini shiri. To tunda kin ji, ɗanki ya kai casa'in da huɗu.”

“Da nawa?”

“Da huɗu. Leɓensa jajur, ki zo ki gani.”

Na jiyo muryar wani namiji can yana cewa kada ta tashi tukuna, sai ƙarar wani abu da ya faɗi ƙasa.

“Tun yaushe?”

“Ƙarfe goma casa'in da ɗaya, sha ɗaya...”

“Ya sha madara?”

“Ya ɗan taɓa.”

“Taɓa ƙafarsa.”

“Na sa masa safa, ɗan sanyi ne kawai.”

“Kunzugunsa fa? Yaushe ya jiƙa?”

Na je na zura yatsa. A bushe yake ƙamas, wanda ta sa masa da hannunta tun ƙarfe bakwai.

“Danna ƙirjinsa da yatsa, ki ɗaga, ki ƙirga har jini ya dawo.”

Na danna. Wurin ya yi fari. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na sha yi wa tsofaffi wannan gwajin, na san abin da biyar take nufi. Sai a lokacin na kalli yaron nan gaba ɗayansa, na daina kallon leɓe. Jikinsa ya yi ruwan toka, cinyoyinsa dabbare-dabbare, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba.

“Je ki firji,” in ji Rikke. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ihu ta yi mini da ya fi mini sauƙi. “Karanta mini katin. Da ƙarfi.”

Kati ne da nake wucewa ta gabansa sau ashirin a rana tsawon wata guda. Layin farko na san shi: ƙasa da saba'in da biyar, a kira nan take. Layi na biyu yana nan ƙarƙashinsa, da harufa iri ɗaya, girma ɗaya: sama da casa'in, a kira nan take. Na karanta, na sake karantawa. Na rantse ban taɓa ganin layin nan ba.

“Ɗaki ɗaya gare shi, Mama. In huhu ya kwashe jinin, me ya rage wa ciki da ƙoda da ƙafafu? An gaya miki. Ina zaune aka zana miki.” Na ji ta buga ƙofar mota. “Kira motar asibiti, ki ce jariri ne mai ɗakin zuciya ɗaya, su turo jirgi. Kuma kada ki bari kowa ya sa masa oksijin, ƙara jan jinin huhu zai yi. Kin ji ni? Kowa.”

Ludayi ɗaya, kwano biyu. Sai lokacin zanen yarinyar nan ya dawo mini.

Na kira. Ban san yadda na yi ba, bakina ne ya yi aikinsa na shekara talatin da shida, ya faɗi suna da adireshi da makonni, ni ina tsaye a gefe kamar ba ni ba. Preben ya shigo da murmushinsa da 'yan tutocin takarda da ake soka wa kek. Ya kalli fuskata, ya kalli yaron.

“Bodil, ba kin ce mai kyau ne ba?”



Minti goma sha ɗaya motar ta yi. Mutum biyu suka shigo, babban cikinsu ya durƙusa, ya ga jariri ruwan toka yana haki, hannunsa ya tafi kan abin rufe hanci na oksijin ba tare da ya yi tunani ba. Na san wannan hannun, irinsa ne nawa. Na riƙe masa wuyan hannu.

“Kada ka sa.”

“Iya, sake ni in yi aikina.”

“Ka karanta wannan tukuna.” Na ɓamɓaro katin na tura masa a fuska. “Duka. Har ƙasa.”

Ya karanta, ya ajiye abin, ya kira lambar wayar da ke jikin katin. Daga nan likitar zuciya ce take magana ta waya yana bi. Ta nemi a karanto mata littafin. Ya karanto lokaci da lamba ɗaya bayan ɗaya, da rubutuna mai kyau da ake yabo a wurin aiki. Da ya zo kan casa'in da huɗu ya ɗan tsaya, ya ga layi biyun da 'yar tutar. Bai ko ɗago ya kalle ni ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin da ke bayan gidajenmu. Kusan tare suka iso da Rikke, ta bar motar a buɗe a tsakiyar hanya, auduga da jini a gefen bakinta, ƙyallen likitan haƙori yana rataye a wuyanta. Ta wuce ni kamar ta wuce kujera. Ta ɗauki littafin da katin, ta bi bayan gadon da aka ɗora yaron a kai.

A waje mutane sun taru. Wasu ƙarar jirgi ce ta fito da su, wasu kuwa tutar ce. Matar mai gidan burodi ta zo da furanni a hannu, ta tsaya da su a bakin ƙofa ta rasa inda za ta sa su. Suna kallon tuta a can ƙololuwa tana kaɗawa, suna kallon jaririn da ake gudu da shi. Iskar jirgin ta kwantar da ciyawa, ya tashi ya yi arewa. Daga kicin ƙauri ya fara fitowa.

Ragna ce ta tsallako. Ta shiga kicin ɗina da ba ta taka ba shekara biyu, ta kashe tanda, ta fitar da baƙin kek ɗin ta ajiye a waje, ta buɗe tagogi. Ta dawo ta tsaya a kaina.

“Ni fa barka kawai na yi mata,” in ji ta. “Ban san komai ba.”

“Da ba ki yi ba, sai ƙarfe huɗu,” na ce.

Ta lissafa da kanta. Na ga lokacin da ta gane, ta nemi kujera ta zauna.

Preben yana gindin sanda, igiya a hannu. Na fita na ce masa ya sauke ta, kunya ta ishe ni.

“Ba zan iya ba,” ya ce. “Duk suna kallo. In ta fara saukowa, kafin ta wuce rabi kowa ya ce ya mutu.”

“To ka sauke da sauri.”

“In kuma...” Bai ƙarasa ba. Ya ɗaure igiyar, ya sake kwancewa, ya sake ɗaurewa.

Haka tutar ta wuni a sama, tana shaida wa gari farin cikin da babu. Muka zauna a benci ƙarƙashinta, waya a tsakaninmu. Ba mu bi su Copenhagen ba, ba wanda ya ce mu zo. Ina ta lissafin awa biyun nan, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. A cikinsu na sa masa safa, na fasa ƙwai shida, na tankaɗe gari. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ga kuma mamakin kaina da ya hana ni ko kuka. Tsofaffi nawa na lura da su tun kafin na'ura ta nuna komai, daga kalar fata kawai da sanyin ƙafa? Jikana, jinina kuwa, na ga ƙafa ta yi sanyi na sa mata safa.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna wayar ta yi ƙara. Rikke ce, allurar ta sake ta, maganar tana fita sarai.

“Babbar jijiyar da suka ɗinka a aikin farko ce ta tsuke,” ta ce. “Jini ya rasa hanyar jiki, ya koma huhu. Sun zura masa siririn bututu ta cinya sun buɗe wurin. Ya yi fitsari yanzu.”

“Zuciyar fa?”

“Ta wahala. Sai nan da kwana biyu za su san ko ta farfaɗo yadda za a iya aiki na biyu. Likita ta ce da an kai yamma, da ba wannan maganar muke ba.”

“Rikke, ni...”

“Ba yau ba, Mama. Ba zan iya ba yau.” Ta ja numfashi. “Saba'in da tara. Leɓensa ya koma shuɗi. Ki gaya wa Baba.”

Ta kashe. Kuma ka ji abin kunya, da ta ce saba'in da tara sai da gabana ya faɗi, kamar yadda ya saba, kafin hankalina ya kamo shi.

Preben ya matso, ya ƙura mini ido. Rana ta yi ƙasa, inuwar tutar tana kai da kawowa a kan ciyawar da bai gama yankewa ba.

“Me ta ce?”

“Yana da rai. Saba'in da tara.”

“Mai kyau ne ko mara kyau?”

“Mai kyau ne,” na ce. “Daidai inda ake so.”

Ya daɗe yana kallona. Shekara arba'in da ɗaya, ko maganin tari bai taɓa sha ba sai ya nuna mini kwalbar. Ya miƙo hannu a hankali ya ɗauki wayar daga cinyata, ya laluba aljihu ya fito da tabarau.

“Bari dai in tambayi Rikke,” ya ce.